Ba Na Jin Ƙasa

Miksata, na'urar haɗa sauti, layi shida gare ta, girmanta bai wuce tiren shayi ba, kuma a jakar goyo nake yawo da ita. Na faɗi haka tun farko don a san da abin da na shiga faɗan nan. Ni ce auta a gidanmu, sana'ata ɗaukar sauti. Ɗakin baya, inda a da ake jibge karyayyun kujeru, shi na mayar wurin aiki. Na manna tsofaffin katifu biyu a bango, na toshe taga da bargo, na shimfiɗa katako a ƙasa saboda damshin siminti yana ci min wayoyi. Masu tallan sabulu, da masu karanta littafi a ɗauka, da 'yan matan da suka rantse muryarsu ta fi ta kowa, duk a ɗakin nan nake sallamarsu. Ban taɓa raina miksar nan ba, kuma ba na ƙaunar a raina min ita.

Baba mawaƙi ne. Shekara talatin ya yi a gaban ƙungiyarsa, da masu jita biyu, da mai fiyano, da Kawu a kan ganguna. Kawu ba ɗan'uwanmu na jini ba ne, abokin Baba ne tun suna samari, amma da sunan muka buɗi ido muka ji ana kiransa. Shekara tara ke nan rabon Baba da dandamali. Kunnensa ya yi nauyi, sai ka maimaita magana sau biyu, in kuma maganar shan magani ce sau huɗu. Muryar ma ta yi kaushi, ta sauko daga inda take a da. Amma tana nan. Ni da nake jinsa kullum da safe yana rerawa a hankali yana aske gemu, na san tana nan.

Yaya, babban wanmu, shi ya ƙirƙiro maganar taron karrama Baba. Mutum ne mai tsari, irin wanda ko gaisuwa zai yi sai ya duba agogo. Ya kama sabon zauren nan mai kujeru ɗari takwas, ya tattaro 'yan ƙungiyar da suka rage, ya sa ranar Asabar ƙarfe huɗu na yamma. Zauren da injiniyansa yake tafe, wani dogo mai maƙala gilashi a goshi maimakon a ido, da miksarsa mai layi arba'in da takwas wadda yake kira tebur. In ya zauna a gabanta sai ka ɗauka jirgin sama yake tuƙawa.

Ranar Laraba aka yi gwaji. Dandamalin siminti ne, an lulluɓe shi da jan kafet mai kauri. Injiniya ya kai Kawu can ƙurya bisa wani ɗan tudu, ya zagaye shi da bangon gilashi don kada ƙarar ganguna ta shiga makirfon kowa. A ka'idar aiki ya yi daidai. Baba kuma aka tsayar da shi a gaba, da sifika ɗaya kwance a gaban ƙafarsa tana kallonsa, wadda mawaƙi ke jin kansa da ita.

Kawu ya buga, jita ta shigo, Baba ya buɗe baki. Bai gama baiti na farko ba kiɗan ya bar shi a baya. Ya yi sauri ya cim masa, sai kuma ya wuce shi. Ya ɗaga hannu, aka tsaya.

"Ba na jin ƙasa," ya ce.

Injiniya ya amsa daga can bayan zaure, ta makirfonsa. "An gama, Baba." Ya ƙara wa sifikar da ke kwance a ƙasa ƙarfi. Aka sake ɗaukowa daga farko. Baba ya sake zamewa a wuri ɗaya.

"Ɗana, na ce ba na jin ƙasa."

"Au, bes kake nufi," in ji Injiniya.

A bakin masu sana'armu, in aka ce ƙasa, sautin nan mai kauri ake nufi, na babbar ganga da jitar bes, kamar yadda sama ke nufin mai tsini. Ni ma abin da na fahimta ke nan a lokacin, ba zan yi ƙaryar wayo ba. Injiniya ya murɗa bes. Sifikar ta fara gurnani, muryar Baba ta nutse a ciki, makirfo ya kama abin da sifika ke fitarwa ya mayar mata, ta saki kukan nan mai tsaga kunne. Mai fiyano ya toshe kunnuwansa. Mata biyu da ke goge kujeru suka tuntsire da dariya, ɗaya ta ɗaga wayarta ta fara ɗauka.

Sau bakwai aka gwada. Sau bakwai Baba yana faɗin magana ɗaya, Injiniya yana ƙara abu ɗaya. A na bakwai Baba ya ajiye makirfon a kan kujera ya zauna kusa da shi, gumi ya jiƙa masa wuyan riga.

A ɗakin canja kaya Yaya ya tara mu, ya rufe ƙofa, ya duba agogo.

"Ga yadda za a yi," ya ce. "Akwai tsohon faifan. Injiniya ya ce zai tsabtace shi tas. Ranar Asabar a kunna shi, Baba ya riƙe makirfo a kashe ya riƙa bin waƙar da baki. Su Kawu su yi kamar suna bugawa. Yanzu kowa haka yake yi."

"Kowa wa?" na ce. "Yaya, mutumin da ya yi shekara talatin yana waƙa za ka tsayar a gaban jama'a yana taunar iska?"

"Auta, ba da ke nake ba."

"Ai ni da kai nake."

Duk muka juya wajen Baba. Yana zaune yana kallon hannuwansa. Sai da Yaya ya maimaita maganar da ƙarfi, ko da yake na tabbata ya ji ta farko.

"To," ya ce. "Yadda kuka gani."

Wallahi da zagina ya yi da ya fi min sauƙi. Wannan "to" ɗin ta yi ta cin raina har muka isa gida.

Washegari da hantsi ina naɗe wayoyi sai ga Baba a bakin ɗakin aikina. Ba safai yake shigowa ba, yakan ce wurin ya yi kama da shagon mai gyaran rediyo. Ya tuɓe takalmansa a bakin ƙofa kamar yadda nake sa kowa ya yi, ya shigo ya tsaya a tsakiyar ɗakin.

"Ki ɗauke ni waƙa ɗaya," ya ce. "Ki ajiye wa 'ya'yanku. Kafin ta ƙarasa tafiya."

Ina da kiɗan Kawu a kwamfuta, wanda na ɗauka bara. Na kafa makirfo, na ɗora wa Baba hedifon. Ya cire ya miƙo min.

"Wannan matse min kai yake. Sa a sifika."

Duk mai ɗaukar sauti ya san ba a haka, domin kiɗan zai kutsa cikin makirfon murya. Amma ranar ba ranar koya wa Baba ka'ida ba ce. Na kunna sifikata da ke ajiye a ƙasa, bisa katako, na rage ta yadda ba za ta yi kuka ba, na ɗaga layinsa. Ya rufe ido ya fara.

Baiti huɗu ya yi bai zame ba ko sau ɗaya. Inda ganga ta sauka nan muryarsa ke sauka. Na saki baki ina kallonsa, na rasa me ya canja tsakanin jiya da yau, alhali kiɗan nan bai kai rabin ƙarfin na zaure ba. Sai idona ya sauka a ƙafarsa. Ya baje tafinsa a kan katakon, yatsun suna ɗan danna shi daidai da babbar ganga.

Ban tsayar da shi ba. Na lallaɓa na ɗaga sifikar na ɗora ta a kan matashin kujera, ƙarfinta yana nan yadda yake. Kafin ya kai ƙarshen layin ya zame. Na sauke ta kan katako. Ya dawo daidai. Na sake ɗagawa, ya sake zamewa, ya buɗe ido a fusace.

"Ke, wasa kike da ni?"

Na kashe kiɗan. "Baba, jiya da ka ce ba ka jin ƙasa, wace ƙasa?"

Ya dube ni kamar na tambaye shi sunansa. "Ƙasa mana. Wadda nake takawa."

Na zauna daɓas a kan akwatin wayoyi. Shi ma ya jawo kujera.

"Kunnen nan ya fi shekara ashirin da fara cin amanata," ya ce. "Ban faɗa wa kowa ba. Mawaƙi ya ce kunnensa ya mutu, wa zai sake kiransa? Amma Kawunki taku biyu yake bayana, a katako ɗaya muke tsaye. In ya taka babbar ganga, ta tafin ƙafa take shigo min, ta hau har ƙirji. Ita nake bi. To jiya an ɗauke shi an kai shi bayan gilashi, an shimfiɗa min bargo a kan siminti. Kiɗan kuma sau biyu yake zuwa min, ɗaya daga gaba, ɗaya ya dawo daga bango. Wanne zan bi?"

Kunya ta kama ni, sannan haushi ya biyo baya. Kalma ɗaya muke da ita, ji, ita ce ta kunne, ita ce ta jiki. Amma da yake mu masu sauti ne, kunne kaɗai muka sani. Mutum ya tsaya ya faɗi ciwonsa da Hausa tsantsa har sau bakwai, mu kuma muna ta murɗa maɓalli muna ganin shi ne ya tsufa.

"Baba," na ce, "ranar Asabar waƙa kake so ka yi, ko motsa baki?"

"Yayanki ya sha wahala a kan taron nan."

"Ba shi na tambaya ba."

Ya shafa haɓarsa, ya kalli makirfon.

"Ina so in yi waƙa," ya ce.

Na je wurin Yaya a ofishinsa da rana tsaka. Na zayyana masa komai, har da ɗaga sifika da saukewa. Ya saurara, ban ƙwace masa wannan ba. Da na gama sai ya girgiza kai.

"Ɗakinki ba zaure ba ne, Auta."

"Ka zo ka ji da kunnenka."

"Kin ga matar nan da ta ɗaga waya jiya? Ranar Asabar waya ɗari takwas ce. In ya faɗi, ba waƙoƙinsa za a tuna ba. Minti ɗayan nan za a yi ta turawa ana dariya har bayan ransa. Ni ba zan iya gani ba." Ya cire gilashinsa ya murza ido. "Ubana ne kamar yadda yake ubanki."

Na san gaskiya ya faɗa. Yaya na son Baba, son da ya kai shi ga gwammace ya rufe masa baki da ya ga an yi masa dariya. Na ji tausayinsa, amma tausayin bai sa na canja ra'ayi ba. Na ce masa sai anjima, na nufi zaure.

Injiniya na samu yana manna takardu a kan layukan teburinsa. Na roƙe shi abu ɗaya, ya ba ni waya guda mai ɗauke da babbar ganga kaɗai, in kai ta ƙarƙashin ƙafar Baba, sannan a sake gwaji ko na minti goma. Na yi masa bayanin ƙasar da ake nufi. Na yi zaton zai yi dariya ya ce ashe haka ne, domin kuskuren namu ne mu biyu. Ina! Gilashin goshinsa ya gyara.

"Malama, an gama magana da mai taro. Na shirya komai na kulle. Ba zan warware aikina saboda katako ba." Ya leƙa jakata da ke buɗe. "Wannan ta wasan yara ce, ko tana aiki?"

"Tana aiki," na ce. "Ranar Asabar ina so in ɗauki taron don 'yan gida. Zan kafa kayana a gefen dandamali. Kuma Baba ya fi sabawa da makirfona."

"Ki ba shi ludayi ma ya riƙe, duk ɗaya ne. Kada dai ki taɓa min waya."

Ban yi masa ƙarya ba, ɗauka zan yi. Sauran kuma bai tambaya ba.

Ranar Juma'a na zaro wani tsohon ƙyauren katako daga bayan gida, na yanke shi biyu da zarto, na kafa masa ƙafafu huɗu gajeru. Na kwance kan wata tsohuwar sifika daga akwatinta na ɗaure shi da kusoshi a ƙarƙashin ƙyauren, fuskarsa na kallon sama, na haɗa shi da ƙaramin amfilifaya mai ƙara wa sauti ƙarfi. Abin bai yi kyan gani ba, har na fasa farce a wajen bugun ƙusa. Na kira Kawu ya zo da babbar gangarsa, na tsayar da shi a tsakar gida, nesa da ɗakin, na ja waya. Baba ya hau katakon ba takalmi. Kawu ya taka sau ɗaya. Baba ya yi murmushin da rabona da ganinsa tun ina makaranta.

"Ga ta nan," ya ce.

Na faɗa wa Kawu abin da nake shiryawa, na ce in yana tsoron ɓacin ran Yaya ya faɗa tun yanzu. Ya yi tsaki.

"Ni dama ban iya bugun ƙarya ba. Sanda in ta sauka sai ta taɓa fata. Bar min masu jita da mai fiyano, ni zan yi musu magana."

Ranar Asabar tun ƙarfe biyu ina gefen dandamali, bayan labule, zaune a kan ɗan benci da miksata a cinya. Layi na ɗaya na ba makirfon da na sa a bakin babbar gangar Kawu. Ban bar shi ya fita gaba ba, na tura shi ta hanyar gefe zuwa katakon kaɗai. Layi na biyu na Baba ne. Na danna maɓallin da ke yanke kauri don kada girgizar katakon ta hau sandar makirfo, na ɗaga ƙarfin shigarsa a hankali har koriyar fitila ta fara ƙiftawa, ban bari ta kai ja ba. Na uku jita, na huɗu fiyano. Waɗannan ukun na haɗa su zuwa sifikuna biyu da na ajiye a bakin dandamali, dama da hagu, waya ɗaya kuma ta tafi kwamfuta. Kusa da manyan sifikun zauren da ke rataye a sama, nawa sun zama abin tausayi. Injiniya ya wuce sau biyu, ya kalli katakon, ya taɓe baki.

Zaure ya cika maƙil. Tsarin Yaya shi ne mai gabatarwa ya gama, Baba ya fito ya ɗaga hannu, Injiniya ya danna faifai. Mai gabatarwa ya gama. Baba ya fito cikin farar riga, aka miƙe ana tafi. Ya tsaya a gaban katakon, ya sunkuya ya tuɓe takalmansa ya jera su gefe. Mutane suka yi dariya, sun ɗauka barkwanci ne. Ya hau, ya kama makirfo da hannu biyu. Bai ɗaga hannu ba.

Kawu ya buga sanda a kan sanda sau huɗu, ya taka ganga. Na tura layi na biyu sama.

Muryar Baba ta fito daga 'yan sifikuna, ƙarama, mai kaushi, daidai kan kiɗa. Layuka goma na gaba suka yi tsit. Can baya kuwa aka fara hayaniya. Wani ya ɗaga murya, "Ba ma ji!" Wani ya maimaita. Daga inda nake ina hango teburin Injiniya da fitilunsa, ina hango shi ya miƙe tsaye, yatsansa a kan maɓalli, yana magana da Yaya. In ya danna yanzu, muryar saurayi za ta sauko daga sama ta haɗu da ta tsoho da ke ƙasa, kowa ya gane abin da aka so yi. In bai danna ba, rabin zaure ba ya ji. Ni na jefa su cikin wannan, kuma da sanina na yi.

Sai na ga Yaya ya taho ta gefen kujeru da sauri, ya hau matakala, ya shigo bayan labule. Fuskarsa ta yi baƙi ƙirin da fushi. Idonsa ya tafi kan soket ɗin da na jona kayana. Na ɗora ƙafata a kan wayar, na rungume miksar.

"In za ka cire, sai dai ka ɗauke ni da ita," na ce.

"Kin san abin da kika yi kuwa?"

"Na sani. Juya ka kalle shi."

Ya juya. Daga nan gefen Baba taku biyar ne kawai. Ana ganin jijiyar wuyansa, ana ganin yatsun ƙafarsa suna danna katako. Ya shiga baiti na biyu, yana tunkarar wurin nan da a da yake ɗaga murya ya riƙe ta har sai zaure ya ɗauki ihu. Na san ba zai kai ba. Shi ma ya sani. Duk da haka ya tafi.

Muryar ta karye. Ta tsage a tsakiya ta koma iska. Wani a layin gaba ya yi dariya, na ji da kunnena, kuma wayoyi suna sama. Yaya ya damƙi labule. Zuciyata ta yanke, na ce shi ke nan, na kashe ubana a gaban duniya. Kawu bai tsaya ba. Ya taka ɗaya, ya taka biyu, ya taka uku. A na huɗu Baba ya shigo, ya sauko da muryar inda za ta iya zama, ya ɗora kalmar daidai kan gangar ba gaba ba baya, ya ci gaba da waƙarsa kai a ɗage.

Yaya ya saki labulen. Yana numfashi kamar wanda ya yi gudu. Can baya har yanzu ana kiran ba a ji. Ya sunkuya kan akwatin wayoyin zauren da ke kusa da mu, ya laluba, ya zaro wadda Injiniya ya manna wa takarda ya rubuta Baba, wadda aka tanadar wa mataccen makirfo. Ya miƙo min.

"Ina ake sawa?"

Na karɓa na cusa ta a mafitar miksata. Ya fita bakin labule inda za a gan shi, ya ɗaga hannu sama ya yi wa Injiniya alama ya buɗe. Injiniya ya tsaya ƙiƙam. Yaya ya sake yi, wannan karon da hannu biyu. Sai muryar Baba ta sauko daga manyan sifiku ta cika zauren har ƙofa.

Ba muryar faifai ba ce, kuma babu wanda bai gane ba. Muryar mutum ce mai shekara saba'in da ɗaya, ana jin numfashinsa tsakanin kalmomi, ana jin inda take gogewa. Hayaniyar baya ta mutu. Ni kuwa ban sami damar kuka ba, domin yana matsowa kusa da makirfo yana ja da baya, dole yatsana ya bi shi, in ɗaga in sauke. Hawayen suka riƙa zuba da kansu ina share su da kafaɗa.

Waƙa goma Yaya ya rubuta a takardar taro. Biyar Baba ya yi, ya ce wa jama'a iyakar abin da ke cikin tulun ke nan, ya sauka. Tafin da aka yi ba zan iya kwatanta shi ba, kuma ba zan ce kowa ya ji daɗi ba. Na ga waɗanda suka fita tun a ta uku.

A ɗakin canja kaya Baba ya zube a kujera, rigarsa sharkaf, Kawu yana yi masa fifita da takardar taron. Na shigo da kwamfuta a hannu. Yaya ya biyo ni, ya rufe ƙofa. Bai kalle ni ba da farko. Can ya matso ya yi magana ƙasa-ƙasa.

"Kin ɗauka duka?"

"Duka."

"Wurin nan da ta karye, za ki iya gyarawa kafin a fitar? Waɗanda suka ɗauka da waya sun riga sun ɗauka, amma namu ya fita da kyau."

Zan iya. Aikin minti ashirin ne, in yanko daga baiti na uku in liƙa, babu wanda zai gane. Kafin in amsa Baba ya buɗe ido.

"Auta, sau nawa na kauce?"

"Sau biyu, Baba."

"Uku. Akwai ɗaya a waƙar ƙarshe, kin yi min kara ne." Ya gyara zama. "A bar su yadda suke."

"Baba," in ji Yaya, "mutane fa za su ji."

"Ai don su ji na hau."

Yaya ya matso. Ya durƙusa a gaban kujerar ya ɗora goshinsa a gwiwar Baba, kafaɗunsa suna girgiza, Baba ya dafa masa kai. Na adana abin da na ɗauka ban taɓa ko ɗigo ba, na rufe kwamfutar.